Agogon da aka ɗaura wa Baba

Baba bai taɓa kwana a gidana ba sai a shekarar da zuciyarsa ta fara ba shi wahala. Tun da aka kai ni ɗakin miji a Madalla, iyakarsa ƙofar waje. Ya zo da buhun masara ko doya, ya aika a kira ni, mu gaisa a tsaye, ya juya Maje. Ko ruwa ba ya sha. In na matsa masa sai ya ce, "Uwata, gidan suruki ba wurin zama ba ne." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma bakinsa ba ya iya faɗarsa.

Ciwon da haki ya fara. Mutumin da muka taso muna ganin ya saɓa fartanya ya tafi gona a ƙasa ya dawo a ƙasa, sai ga shi daga gida zuwa masallaci yana tsayawa ya dafa bango. Ya ɓoye mana iya ɓoyewa. Ranar da jiri ya kwashe shi a sahun sallar La'asar ne maƙwabta suka kira Yaya, Yaya ya kira ni. A Suleja aka duba shi aka ce mu wuce babban asibiti a Abuja.

Likitan zuciyar ɗan kudu ne, amma a Arewa ya tashi, Hausarsa ras. Ya jawo kujera kusa da Baba, ya dunƙule hannu ya nuna masa.

"Baba, akwai wata 'yar ƙofa a cikin zuciyarka da jini ke bi. Ta tsuke. Gyaranta shi ne a buɗe ƙirji a canza ta."

"To a buɗe mana," in ji Baba.

"Ba kai tsaye ake yi ba. Aikin babba ne. Sai mun san ko jikinka zai iya ɗauka. Wani tsohon ka gan shi garau, a yi masa aiki ya kasa tashi. Wani kuma ga shi kamar iska za ta ɗauke shi, ya tashi ras. Ido ba ya gane wa."

Sai ya kira wata nas ta kawo wani baƙin agogo na roba, ta ɗaura wa Baba a hannun hagu. Ta karɓi wayata ta sa mini wata manhaja. Ta ce agogon zai riƙa lura da tafiyarsa da bugun zuciyarsa da barcinsa, in ya matso kusa da wayar sai ya zuba mata abin da ya tara, ita kuma ta tura wa likita. Ban da haka akwai gwaji da zan riƙa yi masa duk mako: ya tashi daga kujera ya zauna ba tare da ya dafa komai ba, sannan in sa masa wayar a aljihu ya yi 'yar tafiya a miƙe. Bayan 'yan makonni mu dawo a duba.

Baba ya juya hannunsa yana kallon abin. "Wannan agogon ai ba ya nuna lokaci."

"Kai yake kallo, Baba," nas ɗin ta ce tana dariya.

Bai yi dariya ba.

A mota ni da Yaya muka fara lissafin inda zai zauna. Inna ta daɗe da rasuwa. Yaya direban tanka ne, in ya ɗauki hanya sai ya yi makonni ba a gan shi ba, matarsa kuma ƙaramar waya gare ta mai maɓallai. Gidan Maje wuta sai ta ga dama, agogon kuwa yana son caji. Babbar waya tawa ce, kuma ni ba zan iya barin yara da aikin koyarwa in koma Maje ba. Muka juya maganar ta kowace fuska, ta dawo wuri ɗaya. Baba yana gaba kusa da direba yana jinmu. Da muka iso Madalla motar ta tsaya, ya daɗe bai buɗe ƙofa ba.

Gidanmu gidan haya ne, ɗaki biyu da falo, a cikin wani gida mai masu haya da yawa. Tsakar gidan siririn siminti ne, igiyar shanya ta ratsa shi ta ko'ina, kowane lungu da janareto ko durom na ruwa. In ka fita ƙofa, lungu ne da kwata ta cinye rabinsa, 'yan acaɓa suna bi da gudu. In ka kai ƙarshen lungun kuwa babban titi ne, wanda ko mai lafiya sai ya yi addu'a kafin ya tsallaka.

Na ba Baba ɗakin yara, yaran suka koma falo. Maigidana mutumin Zariya ne mai kawaici. Da ma da asuba yake fita zuwa aiki Abuja, to sai ya ƙara da zama a majalisar bakin masallaci har sai ya tabbatar Baba ya ci abinci ya shige. Duk da haka Baba bai sake ba. In ya ji muryar surukinsa a falo, ko fitsari ya matse shi ba zai fito ba. Da rana kuma matan gida ne a tsakar gida, wannan tana wanki, waccan tana kitso, wasu da ɗaurin ƙirji. Dattijo irin Baba ba zai ratsa su yana kai da kawowa ba. Sai ya zauna a kan buzunsa, ya jingina da bango, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa.

Ni kuma in na taso daga makaranta, kafin in cire hijabi sai in shiga ɗakinsa in ajiye wayar kusa da hannunsa. A fuskar manhajar akwai wani zobe. In mutum ya yi tafiya sosai zoben ya cika ya zama kore, in ya ɗan taɓa rawaya, in bai yi komai ba ja. Na Baba kullum ja ne, sai jefi-jefi ya leƙa rawaya.

"Baba, yau ma ba ka fita ba."

"In fita ina?"

"Ko tsakar gida."

"Cikin matan mutane?"

Na roƙi matan su riƙa ba shi wuri bayan La'asar, suka yarda da zuciya ɗaya. Sai abin ya zama kallo. Kowa ya shige ɗaki amma labule yana motsi, yara suna leƙe ta taga. Baba ya taka daga ƙofarmu zuwa bakin rijiya, ya sunkuya ƙarƙashin shanya, ya juyo, ya sake. Kafin a je ko'ina numfashinsa ya fara fita da ƙara, ya dafa durom ya tsaya. Ni ina biye da shi da waya a hannu kamar mai kiwo.

Gwajin kujera ya fi komai ci masa rai. Baba ba mazaunin kujera ba ne, rayuwarsa a kan tabarma da buzu ya yi ta. In ajiye kujerar roba a tsakiyar falo, in ce ya rungume hannu a ƙirji, wayar ta yi ƙara, ya fara tashi yana zama. Na farko ya tashi da kyar, na biyu gwiwoyinsa su yi rawa, daga nan hannunsa ya kai kan kujerar da kansa.

"Baba, ba a dafawa."

"Na ji."

"Sai mun sake daga farko."

Ya dube ni. Tunda nake ban taɓa ba mahaifina umarni ba, ga shi yanzu kullum ni ce tashi, zauna, sake. Wata rana ya ce, "Na zama ɗan ajinki ke nan." Na yi kamar wasa ya yi, amma da na shiga kicin sai da na share hawaye.

Ni ma abin ya ɗaure ni. Ina tsakiyar darasi wayar za ta yi tsuwa a jaka, tunatarwa ce cewa lokacin motsa jiki ya yi, alhali mai motsa jikin yana can Madalla ni ina cikin garin Suleja. Biki ko suna na daina zuwa. In aka ɗauke wuta kwana da kwanaki, in kai agogon shagon mai caji in tsaya a kansa, don kada a samu giɓi likita ya ɗauka Baba kwance yake. Na daina tambayarsa yaya jiki. Wayar nake tambaya.

Da muka koma asibiti likita ya juyo mana da kwamfutarsa. Ya nuna layuka masu hawa da sauka, ya ce saurin tafiyar Baba ya yi ƙasa, tashi daga kujera ma haka. Ya ce yana kan iyaka, bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. A ƙara lokaci, ya riƙa cin ƙwai da wake da kifi, ya riƙa tafiya kullum, ƙarfi ya ɗan dawo.

Baba ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Likita, zuciyar nan ita ta hana ni tafiya."

"Haka ne."

"Kai kuma ka ce sai na yi tafiya za ka gyara ta."

Likitan ya cire tabarau ya murza ido. "Na sani, Baba. Wallahi na sani. Amma in na buɗe ka a yadda kake yau, ina tsoron abin da zai biyo baya."

Da Baba ya fita da nas don a auna shi, likitan ya tsayar da ni. Ya ce in ba a yi aikin ba ciwon zai ci gaba, ba ya tsayawa. In kuma aka yi wa jiki marar ƙarfi, mai yiwuwa a kasa cire shi daga na'urar numfashi, ko ya tashi amma ya ƙare a kan gado sai an juya shi. Ya ce ba ya so ya tsorata ni, amma gara in sani. Na riƙe maganar ni kaɗai, na dawo da ita gida.

A makon nan Yaya ya dawo daga tafiya. Ya zo ya zauna a ɗakin Baba, na kawo musu abinci, na ba shi labarin abin da likita ya nuna mana. Ya karɓi wayar ya kalli jan zoben, ya kalli hannun Baba.

"Wai duk wannan ne ya hana a yi masa aiki?"

"Shi ne ke nuna musu ƙarfinsa."

"To a ba ni shi mana. In ɗaura in yi yawona a gari. Kafin mako ya zagayo kin ga ya yi kore shar."

Na ɗauka wasa yake. Da na ga ba ya murmushi sai na ce, "Yaya, ai yaudarar kanmu za mu yi."

"Wace yaudara? Mutumin nan kullum ƙara lalacewa yake a ɗakin nan. Dube shi. Da ƙafarsa ya shigo gidan nan, yanzu ko masallaci ba ya zuwa. Jira za mu yi ta yi har sai ya kasa tashi gaba ɗaya?"

Sai na faɗa masa abin da likita ya faɗa mini, a gaban Baba, don ba ni da wata hanya. Na'urar numfashi, gado, juyawa, duka.

"Likita Allah ne?" in ji Yaya. "Ke yanzu kin fi yarda da waya a kan ubanki?"

Duk wannan Baba yana jinmu, kansa a sunkuye. Can sai ya miƙo hannunsa na hagu wajena, a hankali, ya juya shi ta wajen maɓallin agogon. So yake in kwance. Hannun yana nan a miƙe.

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Ba zan iya ba."

Ya janye hannun ya sa a cikin riga. Yaya ya tashi ya fita ko sallama babu. Daga ranar Baba ya rage magana da ni. In na gaishe shi ya amsa, in na ajiye kujera ya tashi ya zauna yadda na ce, amma hira ta ƙare.

Wata Laraba na dawo daga makaranta na tarar da buzunsa babu kowa, rediyo yana ta magana shi kaɗai. Takalminsa ba ya bakin ƙofa, sandarsa ma haka. Matan gida suka ce sun ɗauka banɗaki ya shiga. Na fita lungu ina tambaya, mai shagon bakin titi ya ce ya ga wani dattijo ya tare keke ya ce a kai shi Suleja, tun kafin azahar. Na buɗe wayar kamar za ta gaya mini inda yake. Babu komai, agogon ya yi mata nisa.

Na san inda zai je. Na hau mota zuwa cikin gari, na sake hawa acaɓa zuwa Maje. Gida ba ya nan, matar Yaya ba ta gan shi ba. Sai na bi hanyar gona.

Gonar da Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a ciki ta gado ce tsakaninsa da 'yan'uwansa, kuma shekarun baya suka haɗu aka sayar wa masu gina gidaje. Ban sake bin wajen ba tun lokacin. 'Yar hanyar da muke bi muna kai masa abinci yanzu katanga ta datse ta, doguwa, da waya mai ƙaya a samanta. Na bi gefen katangar ina zagayawa, ina tafe ina kiran sunan Allah. A can kusa da babbar ƙofar rukunin gidajen na hango shi zaune a ƙasa, ya miƙe ƙafafu, ya jingina da bango. Wani mai gadi yana tsugune kusa da shi da robar ruwa, yana yi masa fifita da kwali.

"Hajiya, babanki ne? Tun ɗazu nake tambayarsa lambar waya, ya ce bai riƙe ba. Daga bakin titi ya tako a ƙasa fa."

Leɓɓan Baba sun yi duhu, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Na durƙusa na kama hannunsa. Ya daɗe yana neman numfashi kafin ya ce, "Na ce bari in je inda na san hanya. Ashe sun toshe ta." Ya sake hutawa. "Duba wayar, Uwata. Me ta ce?"

Na ciro ta. Ta ɗan yi tunani, sai zoben ya fara cika, ya wuce rawaya, ya rufe ya zama kore, har da wasu 'yan taurari suna tartsatsi a kai. Na juya masa ya gani. Ya kalla sosai, ya gyaɗa kai.

"To, a kai wa likita."

A ƙasan zoben akwai layin bugun zuciya, wanda shi bai san da shi ba. Ya yi tsalle ya hau sama, ya faɗo, ya sake hawa, kamar wanda yaro ya zana. Ban nuna masa wannan ba.

Washegari ƙafafunsa suka kumbura, ya kasa kwanciya sai a zaune. Muka kai shi asibiti aka ba shi gado, aka sa masa iska a hanci, aka yi ta cire masa ruwa. Da aka sallame shi ya rame ƙwarai, daga gado zuwa ƙofa sai an riƙe shi. Gwajin kujera ko sau ɗaya bai iya tashi ba.

Likita ya tara mu ni da Yaya da Baba. Bai buɗe kwamfuta ba a wannan karon. Ya ce ba zai yi aikin buɗe ƙirji ba, zuciyarsa ba ta ba shi ba. Ya ce akwai wata hanya da ake bi ta jijiyar cinya a canza ƙofar ba tare da an tsaga ƙirji ba, amma su ba sa yi, kuma inda ake yi ya fi ƙarfin irinmu, bai ɓoye mana ba. Abin da ya rage shi ne magani da zai sauƙaƙa masa numfashi.

Yaya ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Likita, na gode. Ka yi iyakar ƙoƙarinka. Yanzu zan iya komawa gida?"

"Za ka iya, Baba."

Nas ta zo ta kwance agogon. Inda ya zauna fatar ta yi fari-fari, ta yi laushi. Baba ya shafa wurin da yatsa. Daga asibiti ko Madalla bai yarda an tsaya ba, kayansa daga baya maigidana ya kai masa.

A Maje ya yi daminar nan. Matar Yaya ta kula da shi kamar mahaifinta, ni kuma ina zuwa duk Asabar in kwana. Ba ya iya fita, amma ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki inda yake ganin bayan gida. Ya aike ni kasuwa na sayo irin kuɓewa da na yakuwa, ya zauna yana nuna mini da sanda inda zan sara. Ban iya riƙon fartanya ba, hannuna ya yi kanta, yana ta yi mini faɗa wai rami ya yi zurfi, wai na sa iri da yawa. A wannan faɗan ne hirarmu ta dawo. Ya ba ni labarin mahaifiyarsa da ban taɓa ji ba, yadda take tafiya kasuwar ƙauye da tulu a ka tana waƙa, da yadda ta taɓa korar ɓarawon akuya da muciya.

Ya ci miyar kuɓewar sau da dama. Da kaka ta yi, wata safiya bayan ya idar da salla a zaune, matar Yaya ta kawo masa koko ta tarar ya cika.

Ranar sadakar bakwai, da mutane suka watse, muka rage ni da Yaya a zaure. Yana ta jujjuya makullin mota a hannu. Can ya ce, "Da kin ba ni abin nan a lokacin..." Bai ƙarasa ba.

Na ce, "Da me zai faru, Yaya?"

"Ban sani ba," ya ce.

"Ni ma ban sani ba."

Muka ci gaba da zama. Daga cikin gida matarsa ta leƙo ta ce abinci ya rage da yawa, in zo mu raba wa maƙwabta kafin ya lalace. Na tashi na shiga.